Cutar Da Ta Haddace Da Turanci

"Kamila, sake kunna mata. Wataƙila ba ta gani da kyau ba," in ji Hajiya.

Surayya na durƙushe a tsakiyar falon Hajiya, mahaifiyar saurayinta Abdulmalik. Ta gani sarai. Amma Kamila, 'yar ƙanwar Hajiya, wadda duk Zuru an san ta daɗe da kafa wa Abdulmalik ido, ta matso da wayar har kusa da hancinta ta sake dannawa.

Kasuwa ce, ranar da take ci. Wata mata ba kallabi, ba takalmi, tana ratsa rumfunan masu hatsi, tana cafkar rigunan mutane tana ƙwala kira.

"Surayya! Surayya! Wa ya ga Surayyata?"

Wasu na darewa, wasu na dariya.

Inna Altine ce. Mahaifiyarta.

Ba dariyar mutane ce ta fi yanka zuciyar Surayya ba, sunan ne. Ita ce 'yar fari, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske, shekara ashirin da huɗu kunya ba ta taɓa barinta ta kama sunan nan ba. Daga "ke" sai "'yar nan". Yau ga shi tana watsa shi a tsakiyar kasuwa, har kowa ya san uwar wace ce.

"Uwarki ce ko ba uwarki ba ce?" in ji Hajiya.

"Ita ce, Hajiya..."

"To madalla da ba ki yi mini ƙarya ba. Yarinya, ni ba ƙin ki nake yi ba. Kina da ladabi, ga shi karatun likita kike yi kamar ɗana. Amma hauka jini yake bi. Ba zan zauna ina kallon jikokina ina jiran ranar da ɗayansu zai tuɓe a kasuwa ba."

"Wallahi ba gado ba ne, Hajiya! Firgita ce. Tun ranar da 'yan bindiga suka shiga rugarmu..."

"Ai kowa haka yake cewa," Kamila ta faɗa tana taɓe baki.

Hajiya ta gyara zama. "Abdulmalik zai dawo daga Sakkwato nan da sati uku. Ban gaya masa ba tukuna, don kada in dagula masa karatu. In ya dawo, baffanninsa za su je gidanku su gani da idonsu. Abin da suka gani, shi ne magana. Tashi ki tafi, Allah ya ba ta lafiya."

Surayya ba ta san yadda ta fito ba. Har ɗan acaba ya sauke ta a unguwar Rikoto, inda Inna ke zaune, hawaye bai daina zuba ba.

Shekara biyu ke nan da aka afka wa rugarsu a bayan Ribah, aka kashe mahaifinta, aka kore shanun kaf, ko maraƙi ba a bari ba. Ita tana makaranta a lokacin. Inna ta taso da ƙafa har Zuru, inda Mama Theresa, matar wani soja da ya rasu, ta ba ta ɗaki a gidanta. Matar da ta tashi cikin nono da man shanu, ta koma dogaro da buhun masarar da yayanta, Kawu Mode, yake kawo mata in ya samu.

Kuma ba a ɓoye wa Surayya komai ba. Da azumi Mama Theresa ta kira ta a waya ta ce wuyan Inna da bayan hannuwanta sun yi baƙi suna saɓa. Surayya ta ce zafin rana ne, ta aiko da man shafawa. Bayan Babbar Salla aka sake kira, zawo ya ƙi tsayawa. Ta ce ruwan rijiya ne, ta faɗi sunan ƙwayar da za a sayo a kemis. Da aka ce Inna ta fara sambatu, ba ta barci, sai ta fashe da kuka ta ce firgitar harin nan ce ta taso. Kowane kira da amsarsa, kamar a jarrabawa.

Yanzu ga ta ta zo hutu, kwana biyu kacal, duniya ta kife mata.

Ta tarar da Kawu Mode a tsakar gida, Inna kuma na ɗaki a kulle tana magana da shanun da babu su.

"Na ji abin da anka yi," in ji shi. "Ɗiyata, wagga cuta ba ta asibiti ba ce. Iska na. Akwai mai magani can gaba da Manga, an ce ba a kai mishi mutum shi dawo yadda ya tahi. Mu kai ta gobe."

Mama Theresa ta yar da tsintsiyar hannunta. "Wane irin mai magani? Ga asibiti nan kusa! Surayya, ke fa likita ce, yi magana mana!"

Surayya ta sunkuyar da kai.

Asibiti? Inda rabin ma'aikatan suka san Hajiya? Inda kafin la'asar labari zai kai falon nan cewa an kwantar da mahaukaciya? Can gaba da Manga kuwa babu mai waya a hannu, babu baffannin kowa. In ta warke, shi ke nan. In ba ta warke ba, aƙalla in an zo sai a ce ta je ganin dangi.

"A kai ta, Kawu," ta ce, ba ta ɗago ba.

"'Yata..." Mama Theresa ta dafe ƙirji. "Ke da bakinki?"

Da bakinta kuwa. Washegari da hantsi aka ɗora Inna a babur, Kawu Mode ya riƙe ta ta baya. Har suka sha kwana tana waiwaye tana kiran sunan da bai kamata ta kira ba.

Sati na farko ya wuce. Na biyu ya bi shi.

Kullum bayan la'asar Abdulmalik sai ya kira. Ajinsu ɗaya, shekara ta biyar, amma shi ya tsaya ya ƙarasa wani bincike da malaminsu ya ba shi, na auna yadda ɗaliban likitanci suka san cututtukan ƙarancin bitamin.

"Hasken idona, albishirinki!"

"Goro..."

"Na gama duba takardun nan. Ɗalibai ɗari da ashirin suka cike, rabinsu ko alamomin ba su iya jerowa ba, abin kunya wallahi. Mutum ɗaya tak ya ci duka tambayoyin. Ba a rubuta suna ba, amma ni za a ɓoye wa rubutun matata?"

"Kai dai ba ka rabo da zolaya."

"Daktata kenan! Yaya Inna? Ki ce mata surukinta na gaishe ta."

"Ta... ta je ganin dangi."

"Muryarki fa, masoyiyata? Kuka kika yi?"

"Mura ce."

Tana kashe wayar sai ta kifa kai a filo. Ƙarya ba ta da daɗin faɗa ga wanda kake so, amma tsoron rasa shi ya fi ƙarfinta. Sau biyu ta shirya za ta je ta dubo Inna, sau biyu tana fasawa, don ba ta san da wane ido za ta kalle ta ba. Kawu Mode dai ya ce ana samun sauƙi, ta daina ihu. Surayya ta riƙe wannan maganar da hannu biyu, ba ta tambayi me ya sa ta daina ba.

Ita kuwa Kamila haƙuri ya gagare ta. Ta ga kwanaki na tafiya, ta ji an ce an kawar da matar daga gari, ta ji tsoron kada baffanni su je su tarar da gida lafiya lau. Ana saura kwana biyu wa'adin ya cika, ta tura wa Abdulmalik bidiyon, ta haɗa da saƙo: "Yaya, ga surukarka."

Washegari kafin azahar mota ta tsaya a ƙofar gidan Mama Theresa. Surayya na wanki ta ji sallamarsa, sabulun ya suɓuce daga hannunta.

Ya shigo ba murmushi, idanunsa jawur, waya a hannu.

"Ina Inna?"

"Na gaya maka ta je..."

"Surayya! Kada ki ƙara."

Ta zube a bakin rijiya. "Na sani. Na san abin da ya kawo ka. Faɗi kawai ka fasa, ba zan ga laifinka ba..."

"Fasa me? Wa yake maganar fasawa? Dubi nan!"

Ya durƙusa gabanta, ya tsayar da bidiyon daidai inda Inna ta ɗaga kai, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

"Dubi wuyanta. Daina kallon uwarki, kalli mara lafiya. Me kika gani?"

Baƙi ne ya zagaye wuyan, mai kaushi, da iyaka a fili kamar an sa mata sarƙa. Ya matsar da hoton. Bayan hannun dama, bayan hannun hagu, iri ɗaya sak, daidai inda rana ke bugu.

Surayya ta ƙura wa hoton ido.

"Tana zawo?" ya tambaya.

Mama Theresa ce ta amsa daga ƙofar kicin. "Wata huɗu ke nan, ɗana!"

"Mama, me take ci?"

"Masara! Safe tuwo, dare tuwo, da rana kunu. Miyar kuka ce ba nama, ba ko gyaɗa. In na kai mata abincina sai ta ce ta ƙoshi. Ka san kunyarsu, gara yunwa ta kashe ta da a ce ta ci a hannun maƙwabta."

Abdulmalik ya juyo wajen Surayya.

"Fata. Zawo. Ruɗewar hankali. Ke kaɗai kika jero su daidai a ajinmu. Faɗa mini na huɗun."

Leɓɓanta suka motsa da ƙyar.

"Mutuwa..."

Felagra. Ƙarancin bitamin B3, cutar wanda masara kaɗai ta zame masa abinci. Ko cikin barci aka tashe ta za ta karanto ta. Sai dai da Turanci ta haddace ta, kalmomi huɗu a jere masu farawa da harafi ɗaya, a shafi ɗaya na littafi. Da cutar ta tashi zuwa gidansu kuwa da Hausa ta zo, ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni a tsakani: saɓar wuya, zawo, sambatu. Kaico! Ilimin yana kanta, uwar tana gabanta, ba ta taɓa haɗa su ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Abdulmalik, na kashe ta! Na kashe Inna!"

"Tashi! Ba lokacin kuka ba ne. Ina kuka kai ta?"

Damina na ƙarewa, hanyar duk ta zaizaye. Da suka wuce Manga motar ta kasa gaba, suka ƙarasa da ƙafa ta cikin gonakin dawa.

A ƙarƙashin wata rumfar zana suka same ta, kwance a kan tsumman buhu, da mari a ƙafa. Gefenta ƙwaryar kunun masara ce, ƙuda sun rufe ta. Ba sauƙi ne ya sa ta daina ihu ba, ƙarfin ihun ne ya ƙare. Bakinta duk gyambo, harshen ja kamar ɗanyen nama.

"Inna... Inna, ni ce..."

Idanun suka wuce ta kamar ba kowa a wurin.

Mai maganin ya taso yana cewa aljanin bai gama fita ba, saura kwana bakwai.

"Malam, buɗe marin nan," in ji Abdulmalik. "Buɗe tun ina ganin girmanka."

Aka buɗe. Ya sunkuya ya goya ta da kansa, Surayya na tallafe da ita ta baya. Da suka kusa mota ya waiwayo ya dube ta.

"Ba ta da nauyi, Surayya. Ko kaɗan ba ta da nauyi."

A asibiti aka ɗaura mata ƙarin ruwa, aka fara ba ta maganin. Ƙwaya ce 'yar mitsitsiya. Surayya ta riƙa juya ta a tafin hannu tana kallo, ta kasa yarda cewa abin da uwarta ta rasa ke nan har ta tuɓe kallabi a kasuwa.

Kwana na ɗaya shiru. Na biyu zawon ya lafa.

Ran na uku da safe Surayya na goge mata fuska, Abdulmalik na tsaye a ƙarshen gado, sai Inna ta buɗe ido. Ta dubi 'yarta, ta dubi saurayin, nan da nan ta kawar da kai wajen bango.

"Ke... ba ni kallabina. Ba ki ga da baƙo ba?"

Ke!

Surayya ta faɗa kan gadon tana kuka tana dariya. Ba ta taɓa jin daɗin a ƙi kiran sunanta irin na ranar nan ba. Abdulmalik ya fice da sauri yana share ido da hannun riga.

Da suka rage su biyu, Inna ta yi magana a hankali, numfashinta na sarƙewa.

"Wa ya kai ni inda anka ɗaure ni?"

Surayya ta so ta ce Kawu ne. Ta kasa.

"Ni na ce a kai ki, Inna. Danginsa za su zo dubawa... na ji tsoro su gan ki. Ɓoye ki na yi."

Inna ta juyo ta dube ta.

"Don yaron ga?"

"Eh..."

"Shi ya goyo ni. Wannan na tuna. Yaron kirki na."

"Ki yafe mini, Inna! Don Allah ki yafe mini!"

"Mi kinka yi? Da ina cikin hankalina, ai da kaina zan ɓoye miki kaina. Bar kuka, mutane na kallo."

Hankali ya dawo, amma jiki ya riga ya tafi. Sanyin ƙasar da ta kwana a kai sati uku ya kama mata ƙirji, kuma babu abin da ya rage a jikin da zai yi faɗa da shi. Babban likita ya ja su gefe, ya yi musu magana irin ta abokan aiki, ba ɓoye-ɓoye. Ya ce cutar farko ba ta kisa in an tare ta da wuri. Da sati biyu baya aka kawo ta, da ƙafarta za ta koma gida.

Bai san abin da ya faɗa ba, bawan Allah.

Ran kwana na shida, bayan azahar, Inna Altine ta cika, hannunta cikin na 'yarta.

Aka yi zaman makoki a gidan Mama Theresa. Sai ga abinci. Jama'a, abinci! Maƙwabta suka aiko, 'yan cocin Mama Theresa suka aiko, dangin da shekara biyu ba a ga ƙeyarsu ba suka ɓullo da ƙwarya-ƙwaryar fura da nono. Ranar uku Hajiya ta iso da kanta, aka shigo da kuloli a bayanta: shinkafa da miyar gyaɗa, farfesun hanta, soyayyun kaji, dafaffen ƙwai. Aka jera su a ƙofar ɗakin Inna har babu wurin taka ƙafa.

Surayya ta zauna tana bin su da ido ɗaya bayan ɗaya. Gyaɗa. Hanta. Nono. Kaza. Duk maganin ne. Da kwano ɗaya cikin waɗannan yana shigowa ɗakin nan ko sau ɗaya a mako, da yanzu Inna na zaune tana tsefe kai.

Hajiya ta matso kusa da ita, ta kama hannunta. Ba ta zo da Kamila ba.

"'Yata, Abdulmalik ya yi mini bayani. Ashe yunwa ce, ba jini ba. Na yi kuskure, na ɗauki alhakinku, ki yafe mini. Maganar da na yi na janye ta. In an yi arba'in baffanninsa za su zo, ba dubawa ba, neman aure."

"Na gode, Hajiya. Allah ya ba da lada."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Da la'asar aka ce Abdulmalik na sallama. Ta same shi a ƙofar gida, ya rame kamar shi ne mai jinyar.

"Hajiya ta gaya miki?" ya tambaya a hankali. "Komai ya wuce, hasken idona. Babu mai raba mu yanzu."

"Akwai."

"Wa?"

"Ni."

Ya yi tsaye kamar an dasa shi.

"Surayya, me kike cewa?"

"Ka ji abin da likita ya ce. Sati biyu. Ni kuwa sati uku na ba da, don in same ka."

"Ba ki sani ba ne! Ko malamanmu sai su..."

"Rashin ganewa daban, ɓoyewa daban. Mama Theresa ta ce asibiti, na ji ta da kunnena. Na auna ka da Inna, Abdulmalik, na zaɓe ka."

"Amma ta yafe miki! Ke kika gaya mini ta yafe!"

"Ita ta yafe. Ni ban yafe ba."

Hawaye ya gangaro masa, bai ko share ba.

"To ni mene ne laifina, masoyiyata? Ni da na..."

"Ba ka da laifi ko ɗaya. Kai ka gane, kai ka goyo ta, har ta tafi tana sa maka albarka. Wallahi ina son ka, ban taɓa son ka kamar yau ba. Amma in na shiga gidanka, duk safiyar da na buɗe ido na gan ka, marin ƙafarta zan gani. Zan tsani kaina, daga nan in tsane ka. Gara ka tuna ni a haka."

"Zan jira. Ko shekara nawa ne zan jira!"

"Kada ka jira."

Ta zare zoben azurfar da ya sa mata tun suna aji uku, ta kamo hannunsa ta ajiye a ciki, ta naɗe masa yatsun da kanta.

Ya jira ɗin kuwa, shekara uku cur, har suka gama makaranta aka raba su wuraren aiki, ba ta sauya magana ba. Amma wannan daga baya ne. A ranar dai tsayawa ya yi a ƙofar yana kiran sunanta a hankali, ita kuma ta shige ba ta waiwayo ba.

A tsakar gida ta tarar mata sun hau rabon abincin, don kada ya kwana ya lalace. Ana cika kwanuka ana miƙa wa maƙwabta, ana kiran masu wucewa. Mama Theresa ta zubo mata nono a kofi ta ce ta daure ta sa wani abu a cikinta. Surayya ta karɓa, ta shiga ɗakin Inna, ta zauna kusa da ragowar buhun masarar, kofin na hannunta ta kasa kai shi baki.

Har aka kira magariba ana rabon abinci a gidan, bai ƙare ba.